Kwalli na saya a Yuro 40, ko kuwa dutsen seleniyam ne da gaske?

ɗanHarz:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu sanin dutse ku fitar da ni daga duhu. Ina karatu a Clausthal, wani ɗan gari a kan tsaunukan Harz na Jamus, garin da haƙar ma'adinai ce ta kafa shi tun asali. Ranar Asabar na leƙa wata kasuwar baje kolin duwatsu a wani gari kusa da mu, na tarar da wani dattijo yana sayar da tarin da ya ce na marigayi yayansa ne. A cikin wani ɗan kwali na ga dutse bai wuce girman goro ba, jaja-jaja da fararen jijiyoyi, a tsakiyarsa akwai tabo mai ƙyalli launin toka, kamar ƙwayar wake. A ƙarƙashinsa wata 'yar takarda ce da ta tsufa har ta koma ruwan ƙasa, an rubuta da alƙalami: Clausthalit, Tilkerode, wato kilaustalait, wani dutsen seleniyam, daga ramukan ma'adinai na Tilkerode da ke Harz. Ya ce 60, muka tsaya a 40.

Da na dawo ɗaki na sa shi a ƙarƙashin fitila sai gabana ya faɗi. Wallahi kwalli nake gani, irin wanda kakata ke sayowa a kasuwar Kurmi ta daka ta ɗura a tandu. Ta yaya mutum zai bambance kilaustalait da kwalli? Kuma idan na gaske ne, yaya ake ajiye shi?

MaiDutse_Jos:
Wa alaikumus salam. Yuro 40 a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba? Ɗan'uwa, da ka yi mini magana ai da buhu zan aiko maka daga Zurak, kuɗin mota kawai za ka biya. Na shekara goma sha a harkar dutse, ban taɓa ganin wanda ya zo neman wannan sunan ba. Mu duwatsun ado irin su tomalin da akwamarin da safaya muka sani.

Gimbiya_Kd:
Ni ina da dutsen seleniyam a gida, babba ma, fari tas kamar sandar ƙanƙara. Ƙawata ce ta kawo mini tsaraba daga Maroko, sunansa selenait. Naka ko kama da shi bai yi ba. Ka yi haƙuri yayana, an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Malam_Jiyoloji:
Hajiya Gimbiya, bari in fara da naki don kada zaure ya ɗauka haka ne. Selenait ba shi da seleniyam ko ɗigo. Jifsam ne, wato dutsen da ake yin fi'ofin silin da shi, ake kuma zubawa a siminti. Muna da shi a ƙasar Sakkwato da Yobe. Abin da ya haɗa su suna ne kawai: dukansu daga kalmar Girkanci ta wata suke, selene. Shi selenait don haskensa ya yi kama da na farin wata. Shi kuma seleniyam, masanin Suwidin Berzelius ne ya gano shi a 1817 cikin wani jan laka da ke taruwa a wata masana'antar asid a Gripsholm. Da farko ya zaci teluriyam ne, wanda aka sa wa sunan duniyarmu, da ya ga wani abu ne dabam mai kama da shi sai ya ba shi sunan wata. Ki gwada naki da farce, za ki ga ya yi zane.

Yanzu ɗanHarz. Idonka bai yaudare ka ba. Kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci galina ne, haɗin dalma da farar wuta. Kilaustalait kuwa haɗin dalma da seleniyam ne. Seleniyam na ƙarƙashin farar wuta kai tsaye a jadawalin sinadarai, halinsu ɗaya, shi ya sa ɗaya ke zama a kujerar ɗaya. Tsarin ƙwayoyinsu iri ɗaya ne da na gishirin miya, taurinsu kusan ɗaya, wajen 2.5 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, idan ka goga su a kan tangaran duk baƙi-baƙi suke bari. Har akwai waɗanda ke tsakani, rabi wannan rabi wancan. Saboda haka ido kaɗai ba zai raba wannan gardama ba, ko idon wane ne.

Amma akwai alamu. Galina kan fashe gida-gida mai kusurwa huɗu, kamar ƙananan matakala masu sheƙi. Kilaustalait na Harz yawanci ƙanana-ƙananan ƙwayoyi ne a cure, da ɗan shuɗi-shuɗi a cikin tokar. Sannan ka dubi maƙwabtansa. Ka ce dutsen ja ne da fararen jijiyoyi, wannan ya yi mini daɗin ji. Ka ɗauko mana hoto na kusa.

ɗanHarz:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na duba da gilashin ƙara girma, ban ga matakalar da ka ce ba, kamar an daka sikari an cure shi. Shuɗin kuwa, in na so in gani sai in gani, in ban so ba sai ya ɓace. Me ya sa jan ya yi maka daɗi?

Malam_Jiyoloji:
Saboda jan nan da wuya in ba hematait ba ne, dutsen baƙin ƙarfe mai tsatsa, farin kuma kalsait ko dolomait. Ga hikimar. Seleniyam kaɗan ne ƙwarai a ɓawon ƙasa, wajen giram 0.05 a cikin tan guda na dutse. Inda farar wuta ta yi yawa, sai ya ɓuya a cikin duwatsunta, ba ya samun damar yin nasa dutsen. Ba ya fitowa da sunansa sai a inda ruwan zafin da ya ratsa dutsen ke da iskar oksijin sosai, ta yadda farar wuta ta wuce ta bar shi. Irin wannan ruwan shi ne kuma ke ajiye hematait. Shi ya sa a Tilkerode ake samun su tare. Da ka ce mini ka ga fairait, mai ƙyallin zinariyar nan ta ƙarya, jibge a gefensa, da na ce maka ka je ka ɗura a tandu.

Amma alama ce, ba hujja ba. Kama da wane ba ta wane.

BabanKuza:
Yara kuna wahalar da kanku. Mu da muka yi aikin kuza a Bukuru ba mu da na'ura, da hannu da ruwa muke gane dutse. Ka auna shi a sikeli, ka ɗaure da zare ka sake aunawa a cikin ruwa, ka raba. In ya fi kwalli nauyi shi ke nan. In kuma kana son ka gama da wuri, ka ɓantari kaɗan ka ɗora a gawayi ka hura masa wuta da bututu irin na maƙeran zinariya. Kwalli warin ashana yake yi. Wancan kuwa na ji ana cewa warin tafarnuwa.

Ɗalibar_Samaru:
Baba ranka ya daɗe, dabarar ruwa tana aiki, amma ba a wannan dutsen ba. Galina nauyinsa wajen ninki 7.5 na ruwa ne, kilaustalait kuma 8 ko kusa da haka, tazarar ba yawa. Ga shi tabon yana manne cikin kalsait mai nauyin 2.7, wanda shi ne mafi yawan dutsen. Duk abin da sikeli ya ba shi, nauyin uwar dutsen ya auna.

Batun wari kuma, a gafarce ni, tafarnuwa ta asanik ce idan an ƙona a gawayi. Na seleniyam littattafan da suka ce kamar ruɓaɓɓiyar saiwar nan mai yaji da Turawa ke ci da nama, kuma harshen wutar kan yi shuɗi. Wannan warin ne ma ya fara ruɗar Berzelius.

Likita_Gusau:
Don girman Allah kada ka ƙona komai. Baba, ina ganin girmanka, amma wannan shawara ba zan yi shiru a kanta ba. Ko kwalli ne ko ɗan'uwansa, dalma ce a ciki, hayaƙinta guba ne, in akwai seleniyam gubar ta zama biyu. A ɗakin ɗalibi kuma, lokacin sanyi, taga a rufe. Haka kada wani ya ce maka ka ɗiga masa asid. Galina kan fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta seleniyam ta fi ta muni nesa ba kusa ba.

Mu a nan mun ga abin da dalma ke yi. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gida, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya ci dutse, ƙura ce kawai. Ka sa naka a ƙaramin akwatin roba mai murfi, ka wanke hannu in ka taɓa, kada ka goge shi da burushi a bushe.

BabanKuza:
Likita na ji. Mu a fili muke yi, iska na kaɗawa. Amma gaskiyarka, abokan aikina nawa ne tari ya ɗauke, ba mu san dalili ba. Na janye batun wuta.

Hajiya_Fagge:
To ni yanzu kun ɗaga mini hankali. Kwallin da muke sa wa jarirai tun ranar suna shi ne kuke kira guba? Kakanninmu da shi suka tsufa, idonsu tangaran. Kuma sa kwalli sunna ce.

Likita_Gusau:
Hajiya ba sa kwalli nake suka ba, abin da ke cikin tandun nake magana. A 2011 a Boston ta Amurka an sami wani jariri ɗan iyayen Najeriya da dalma a jininsa, da aka bi diddigi sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin a 2012. Jariri na murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga. Illarta ba a ido take fitowa ba, a ƙwaƙwalwa ne, a hankali, shi ya sa ba a danganta ta da kwalli. Babba ya yi abin da ya ga dama, amma jariri a ƙyale shi.

Hajiya_Fagge:
Allah ya kyauta. Zan dai yi magana da surukata, ko za ta ji.

SarkinGardama:
Ni tambayata dabam ce. A ce ma na gaske ne, sai me? Ba a sa shi a zobe, ba a narka shi a sayar, MaiDutse ya ce ko mai nema babu. Ka juya Yuro 40 zuwa naira ka ga buhun me za ta saya a Dawanau. Wannan ba tara dutse ba ne, tara takarda ne. Kuɗinka a kan 'yar takardar nan ka biya, wadda ni ma zan iya jiƙa ta a ruwan shayi in shanya ta tsufa.

Malam_Jiyoloji:
Sarki, cikin gardamarka ka faɗi gaskiya ba da niyya ba. A wajen masu tara irin waɗannan duwatsu, takardar rabin dukiyar ce. Dutsen da ba a san ramin da ya fito ba, darajarsa ta zube, ko da na gaske ne. Ramukan Clausthal an rufe su tun 1930, na Tilkerode ma sun daɗe da mutuwa, ba sabon kaya da ke fitowa. Abin da ke hannun mutane shi ke zagayawa daga tari zuwa tari. Kuma sunan dutsen kansa daga garin da yaron nan ke zaune aka samo shi, wani masani Bafaranshe mai suna Beudant ya raɗa masa a 1832. Mutum yana kwana yana tashi a garin, ya ga dutse mai sunan garin, ka ce kada ransa ya biya?

ɗanHarz, kada ka kuskura ka yar da takardar ko ka rubuta wani abu a kanta. Ka yi taka sabuwa dabam: ranar da ka saya, inda ka saya, nawa, da abin da dattijon ya faɗa maka. Ka haɗa su wuri ɗaya.

SarkinGardama:
To ai ni ma abin da na ce ke nan, takarda ya saya.

Ɗalibar_Samaru:
Sarki kai Bakano ne ko? Komai sai an juya shi buhu.

SarkinGardama:
Ku kuma Zagezagi ku yi ta karatu har dutse ya yi magana.

Ɗalibar_Samaru:
Ai yana magana, na'ura ake kara masa. Yaya ɗanHarz, kana zaune a jami'ar da tushenta makarantar ma'adinai ce tun 1775, kana tambayarmu a waya? Ka nemi sashen da ke da na'urar XRF ta hannu, mai kama da bindigar wasan yara. Ana ɗora bakinta a kan dutse, ta harba masa haske, kowane sinadari ya amsa da nasa ƙarfin. Ba ta fasa komai, minti ɗaya an gama. Amma kada ka yarda da jerin kason da za ta nuna a fuska kawai, ka ce a buɗe maka zanen. A zanen, dalma na da manyan tsaunuka biyu, wajen 10.5 da 12.6 a ma'aunin ƙarfin haske (keV). Seleniyam nasa yana tsakaninsu, a 11.2. In ka ga tsauni a tsaye a wurin, to akwai shi. Na biyunsa yana 12.5, ya shige cikin na dalma, kada ka dogara da shi. Mu ma a nan cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello ana irin wannan awon, haka dakin gwajin hukumar binciken ƙasa da ke Kaduna.

Injiniya_Arlit:
Salamu alaikum daga Nijar. Na makara amma na karanta duka. Ina so in ƙara wani gargaɗi, tunda na ga ɗanHarz ya kamu da ciwon tara dutse, kuma wannan ciwo ba ya tsayawa a guda ɗaya. Nan gaba za ka ga waɗansu duwatsun seleniyam masu kyan gaske, kore shar da rawaya, daga ramin Musonoi da ke Kolwezi a Kwango. Su gileminait da martozait da demesmekerait. Kyansu ya fi na wannan tokar taka sau ɗari, amma yuraniyom ne a cikinsu. Mu da muke aiki da shi mun san dokarsa: ba a ajiye shi a ɗakin kwana, ba a sa shi a aljihu, kuma yana fitar da iskar radon, don haka in ka buɗe akwatinsa ka buɗe a inda iska ke wucewa. In kana son mai kyau wanda ba wannan fitinar, ka nemi kalkomenait, haɗin jan ƙarfe da seleniyam, shuɗi kamar an zuba bula. Daga Ajantina aka fara samunsa, akwai kuma masu kyau daga ramin El Dragón na Bolibiya.

ɗanHarz:
Injiniya ka karanta zuciyata. Jiya har ƙarfe biyu na dare ina kallon hotunansu. Har na fara tunanin in ɗauki guduma ranar hutu in bi tsofaffin juji na ramukan nan, ko Allah zai sa in tsinci nawa da hannuna, in huta da zargin takarda.

Bagobiri_Hannover:
Ƙanena ka bi a hankali, nan ba gida ba ne da za ka ce daji na Allah ne. Babban yanki na Harz gandun daji ne na gwamnati, ko dutse ko tsiro ba a ɗauka. Tafkuna da magudanan ruwan tsofaffin ramukan da ke zagaye da garinku suna cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2010, tare da ramin Rammelsberg na Goslar. Inda ba gandu ba kuma akwai mai shi, sai da izininsa. Ni na taɓa tsayawa da mota a bakin wani tsohon wurin fasa dutse don kawai in ɗauki hoto, ban yi minti biyar ba wata tsohuwa mai yawo da kare ta zo tana tambayata wa ya ba ni izini. Ka nemi ƙungiyar masu tara duwatsu ta yankin, yawancinsu tsofaffi ne masu fansho, suna fita tare da izini, kuma suna murna in matashi ya shigo. Sannan kada ka shiga kowane rami, katakon da ya tokare shi ya girmi kakanka.

MaiDutse_Jos:
Ko a nan ma ba kamar da ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai da lasisi za ka saya ko ka riƙe, fita da shi waje kuma sai da takardar ma'aikatar. Wani yaron shagona ya taɓa sa 'yan samfura a jakarsa zai kai wa mai saye, a filin jirgi aka tsare shi, sai da muka kwana biyu muna zarya. Don haka buhun da na yi maka alkawari, na fasa.

Gimbiya_Kd:
To ni dai abin da ban gane ba, Likita ya ce guba ne, amma a kantin magani ana sayar da ƙwayar seleniyam, har a man wanke kai na amosani na ga sunansa. Wanne za mu ɗauka?

Likita_Gusau:
Duka biyun. Jiki na buƙatarsa, amma ɗan mitsitsi: babba maikrogiram 55 a rana, kuma ana gargaɗin kada a wuce 400. Tazarar da ke tsakanin magani da guba a wajensa ƙanƙanuwa ce. A ƙasar Sin an ga ɓangarorin biyu. A gundumar Keshan, inda ƙasar noma ba ta da shi, ciwon zuciya ya riƙa kashe yara da mata, har cutar ta ɗauki sunan wurin. A Enshi kuma, inda ya yi yawa, gashi da farce suka riƙa zubewa. Wanda ya sha ya wuce kima numfashinsa kan yi warin tafarnuwa, ina jin nan Baba ya samo tasa tafarnuwar. Wanda ke cin kifi da ƙwai da nama ba ya buƙatar ƙwaya sai likita ya rubuta.

BabanKuza:
Kun ga ashe ban yi ƙarya ba, hanya ce kawai na sauya.

SarkinGardama:
To in har ana sa shi a magani da man kai, ai akwai kasuwa. Me ya hana a haƙo kwallin Jamus ɗin a sayar wa kamfanoni?

Malam_Jiyoloji:
Ba ya isa. Jijiyoyin da ke ɗauke da shi sirara ne, wani wurin kaurin yatsa. Seleniyam ɗin da duniya ke amfani da shi, a gilashi da fenti da abincin dabbobi, kusan duka daga matatun jan ƙarfe yake fitowa. In ana tace jan ƙarfe da lantarki, wani baƙin laka kan kwanta a gindin kwatarniyar, a cikinsa ake tsamo zinariya da azurfa da seleniyam. Ka ga tun zamanin Berzelius har yau a cikin laka ake samunsa. A Tilkerode ma abin da ya fi faranta ran masu mulki a lokacin shi ne 'yar zinariyar da aka samu tare da waɗannan duwatsu, har aka buga tsabar kuɗi da ita a 1825.

Mai_Zaure:
Jama'a mun je Kwango mun je Sin mun dawo Dawanau. A bar ɗanHarz ya je ya auna ya kawo mana labari.

ɗanHarz:
Na dawo. Yau da rana wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya taimaka mini, Allah ya saka masa. Da na nuna masa takardar sai ya yi murmushi, ya ce irin wannan rubutun hannu kakarsa ce kawai ke iya karantawa. Ya ɗora na'urar sau uku a wurare dabam-dabam. Na ce ya buɗe zanen kamar yadda Ɗalibar Samaru ta ce. Ga tsaunukan dalma biyu, ga kuma wani a tsakiyarsu a 11.2, dogo sosai, ba wai ɗan tudu ba. Wallahi sai da na ji kamar in rungume mutumin. Amma akwai ƙari: ta nuna zaiba kaɗan da azurfa kaɗan, da baƙin ƙarfe da kalsiyam masu yawa. Na tambaye shi farar wuta fa, ya ce a wannan na'urar ba zai rantse a kanta ba.

Ɗalibar_Samaru:
Barka! Gaskiya ya faɗa maka, layin farar wuta yana 2.3, dalma ma tana da wani layi a daidai wurin, sun hau kan juna. Ƙarfe da kalsiyam kuma na uwar dutsen ne, bakin na'urar ya fi tabon faɗi. Abin da ka tabbatar yau shi ne akwai seleniyam da yawa. Ko kilaustalait ne zalla, ko yana da sauran farar wuta a ciki, sai an kai shi madubin lantarki mai ƙara girma, ko a ɗan kankari gari a auna tazarar ƙwayoyinsa: galina 5.94, kilaustalait 6.12, a ma'aunin angistirom.

MaiDutse_Jos:
To na cire hula. Ashe ba kwallin kaka ba ne.

Malam_Jiyoloji:
Alhamdu lillahi, kuɗinka bai faɗa rijiya ba. Amma zaibar nan ta buɗe wata ƙofa. Da alama akwai timanait a cakuɗe, haɗin zaiba da seleniyam, azurfar kuma wataƙila naumanait ce, wadda a Tilkerode aka fara gano ta. Wannan ya dace da takardarka. Sai dai akwai wani ƙauye kusa da ku, Lerbach, a hanyar Osterode, inda mutanen da can suka sami irin wannan cakuɗen na dalma da zaiba har suka zaci sabon dutse ne suka ba shi sunan ƙauyen, daga baya aka gane biyu ne a haɗe. Can ma da jan dutsen ƙarfe yake fitowa. Na'ura za ta faɗa maka mene ne, ba za ta faɗa maka daga wane rami ba.

SarkinGardama:
Kun gani ko? Mun zagaya mun dawo kan takarda.

Injiniya_Arlit:
Tunda akwai zaiba, kada ka ajiye shi a kan abin ɗumama ɗaki ko inda rana ke dukansa. Akwati mai murfi, cikin durowa.

ɗanHarz:
Na kira dattijon na faɗa masa sakamakon, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce yayan nasa yana da wani littafi da yake rubuta kowane dutse da lambarsa da wanda ya saya a wajensa, yana jin yana cikin kwalayen da ke ɗakin ƙasa. Na juya dutsen na ga kuwa akwai wata 'yar lamba da aka manna a bayansa, 217 ko 277, tawadar ta dushe. Ya ce in zo Asabar mai zuwa mu duba tare. Batun kankarar gari kuwa, Ɗalibar Samaru, tabon duka nawa yake da zan kankare shi? Zan fara tambaya ko madubin lantarkin zai ɗauki dutsen yadda yake.

Gimbiya_Kd:
Malam Jiyoloji, na gwada nawa da farce kamar yadda ka ce. Ya yi zane, har gari ya fito. Yanzu wa zai gyara mini shi?